Gansakuka Ba Ta Da Cibiya

Ranar da za a zo duba ni a aikin koyarwa na gwaji, da kwalbar ruwan kududdufi na tafi makaranta. Na bayan gidanmu ne a Gwale, wanda gansakuka ta rufe ruf. Innata ta toshe hanci ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, mutane na fita da turare, ke kina fita da wari." Ni kuwa maki nake nema, don duk wanda ya faɗi gwajin nan sai ya maimaita shekara.

Na ɗiga ruwan a gilashi, na sa a maikuroskof, madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, ɗaya tal da makarantar 'yan matan take da shi, ɗalibai suka bi layi suna leƙawa. Zare-zare ne sirara, gaɓa-gaɓa kamar rake, launinsu tsakanin kore da shuɗi. Na zana ƙwaya ɗaya a allo: bango a waje, launi ya ratsa jikinta yadda shuni ke kama ƙyalle a marinar Ƙofar Mata, tsakiya kuma fayau. Na gaya musu irin wannan gansakuka dangin bakteriya ce, ba ta da cibiyar nan da ake kira nukiliyos. Kayan gadon halittarta a sake suke, ba a ƙulle su cikin jaka ba.

Malamin da kwaleji ta turo dattijo ne, yana zaune a baya da takardar ba ni maki. Sai ya taso, ya karɓi alli a hannuna, ya dangwala ƙaton ɗigo a tsakiyar zanena. "Malama, kin yi mantuwa. Kowace ƙwayar halitta da cibiyarta. Haka muke zanawa tun ba a haife ki ba."

Haka ake zanawa kam, da'ira da ɗigo, daga littafi zuwa allo, ba mai leƙawa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ga madubin nan, leƙa ka nuna min ita."

Ya ce shi ba ya leƙa ƙazanta.

To, ni ma ba na koyar da ƙarya! Na sa tafin hannu na goge ɗigon a gabansa. Ya miƙo min allin, ya ce in mayar da ɗigon, ko kuma na san sauran. Na tuna Inna ta gama gaya wa dangi bana zan kammala. Amma ban karɓa ba. Na juya na ce wa yaran, "Ku zana abin da idonku ya gani."

Ya kayar da ni, wai ban san darasina ba, kuma ba ni da ladabi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ranar da ƙawayena suka yi walimar gama karatu, ina ɗaki na ƙi fitowa.

Da shekara ta zagayo, shi ɗin aka sake turo min. Shugabar makaranta ta ja ni gefe tana roƙona don Allah in zaɓi darasi mai sauƙi, ko sassan fure ne. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ko shekara uku zan maimaita, gansakuka zan koyar."