Motar da Ba Ta Sallama

Shekara ashirin da biyu Manaja ya yi yana zuwa ofis da tsohuwar mota mai tari, wadda tun daga kwanar titi ake jin tahowarta. Kafin ya iso, maigadi ya wangale ƙofa, ma'aikata sun ɓoye wayoyinsu sun duƙufa kan takardu.

Da aka ƙara masa girma sai ya sayi baƙar mota ta manya, mai aiki da fetur da kuma lantarki. Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yi mata caji, ko numfashinta ba za a ji ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar farko ya sulalo cikin harabar ofis babu wanda ya sani. Ya tarar da akawu yana kwaikwayon tafiyarsa, ya turo tumbi gaba, sauran suna dariya har da hawaye. A gida ma bai tsira ba. Yana tsayawa gindin taga ya ji matarsa tana gaya wa ƙanwarsa sunan da take kiransa da shi in ba ya nan.

Tun daga ranar, igiyar cajin take naɗe a cikin but ɗin motar. Da fetur yake zuwa ko'ina, yana taka totur tun daga kwana. In an tambaye shi, sai ya ce yawan caji yana kashe batir.

Yanzu ma'aikata sun koma ganin girmansa, matarsa ta koma sonsa, shi kuma yana barcinsa lafiya.