Aron Numfashi

Yayana mai fentin mota ne, Allah ya jiƙansa. A gareji kowa Ɗan Busa yake ce masa, saboda sarewar da ba ta barin aljihun rigar aikinsa. Ni ce ƙanwarsa, kuma ni na fi kowa tsanar sarewar nan, don ɗakinsa na jikin namu, kunnena ne ya sha wahalar koyonsa. Har na yi aure na hayayyafa ban fasa ce masa yana damun jama'a ba. Shi kuma ya ce kunnena na katako ne.

A wata rumfar kwano yake aiki a bayan garejin, ba taga, sai labulen leda. Ya goge mota da samfefa, ya rufe gilasai da tsofaffin jaridu, ya ɗauki bindigar feshi. Takunkumin hancinsa kuwa yana rataye a ƙusa, wai yana hana shi jin ko haɗin fentin ya yi. Na yi faɗa, matarsa ta yi kuka, taurin kai ya hana shi ji. Da tari ya zo, bai sake tafiya ba. Likita ya ce huhun ya lalace, sai dai lallaɓawa.

Barin aiki bai dame shi kamar barin busa ba. Akwai wata doguwar waƙar sarewa da ya shekara da shekaru yana ginawa a kansa, guntu-guntu, bai taɓa busa ta daga farko har ƙarshe ba. Bai iya rubuta kiɗa a takarda ba. Ya sani, mu ma mun sani, in ya tafi ta tafi.

Wani malamin kiɗa da ya saba kawo masa mota ne ya sa masa wata manhaja a tsohuwar kwamfutar matarsa. Allo ne fari. Ka ajiye akwati, ka ja layi daga shi zuwa wani. Wannan akwati ya fitar da sauti, wancan ya ce a hau ko a sauka, wani ya riƙe lokaci. Yaya ya duba ya ce ai wayarin mota ne, ya sha ganin masu lantarki suna yi. Ya sa aka jawo masa tebur bakin gado, kusa da tukunyar iskar da yake shaƙa. Kullum da safe yana nan yana jan layuka, harshe a waje, har allon ya koma kamar saƙar gizo.

Ranar da kwamfutar ta busa waƙar duka, mun taru muna murna. Shi ya kashe ta tun ba ta kai rabi ba. Ya ce abin nan ba ya tsayawa ya ja numfashi, kuma duk abin da ba ya numfashi ba busa yake ba, ƙara yake yi. Na ce masa ya gode wa Allah ya bar iyayi. Ko kallona bai yi ba.

Sai ya ƙara akwati ɗaya, ya haɗa shi da ƙaramin makirufo. In ka hura, waƙar ta tafi. In ka hura da ƙarfi ta ɗaga, in ka sassauta ta kwanta, in ka tsaya ta jira ka. Da farko abin ya yi masa daɗi, har ƙiba ya ɗan yi. Amma numfashin nasa kullum raguwa yake. Waƙar ta riƙa fitowa a yayyanke, ya hura kaɗan, tari ya sarƙe shi, ya koma farko. Matarsa ta ce za ta hura masa, ya ce a'a, ta wahala da shi ya isa. Malamin ya ce shi zai yi, Yaya ya ce iyawar malamin ta yi yawa.

Wata safiya na kai masa wankinsa, na tarar ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya nuna mini kujera, ya tura makirufon gabana.

"Ara mini numfashinki," ya ce.

Na ce ni da kunnen katako? Ya ce ba kunnen yake so ba, huhun yake so, uwarmu ɗaya, nawa ne ya fi kusa da nasa. Zai ɗaga yatsa in hura, ya sauke in ja iska.

Na hura. Abin da ya fito ya ba ni tsoro, don muryar sarewarsa ce sak, wadda na shekara ina zagi ta cikin bango, ga ta yau tana fita daga ƙirjina. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin fentin nan kamar in yi ihu. Ban kai ko'ina ba kuka ya ƙwace mini. Na'urar ba ta san rufin asiri ba, duk shessheƙar da na yi sai da ta busa ta.

Ya jira na share fuska da gefen mayafi. Ya mayar da waƙar farko, ya ɗaga yatsansa.

"Ba kuka na ara ba," ya ce a hankali. "Ki adana shi, za ki buƙace shi kwanan nan. Yanzu hura."