Shirun Kofur da Sallamar Babanmu

Surukina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Boma, ya dawo Ikara da igiya biyu da lambobi uku da ƙafar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa. Duk gari Kofur ake ce masa, har liman. Ni dai Baba nake ce masa, kaina a ƙasa.

Kafin a kawo ni gidan, duk ranar sha ɗaya ga Nuwamba yakan shiga motar Zariya ya je fareti da sauran 'yan mazan jiya, a busa begila, su ƙame, su yi shiru na minti biyu don tunawa da waɗanda ba su dawo ba. A shekarar da na tare, ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce ba komai, a tsakar gida zai yi shirunsa.

Sai dai gidanmu bai san shiru ba. Kaka ce, ana ta sussukar dawa. Ga awaki, ga wani zakara da ba ruwansa da asuba, lokacin da ya ga dama yake cara. Ga kuma Inna, uwar mijina, wadda in ta rasa mutum da tukunya take hira.

Tun saura kwana uku Kofur ya raba aiki. Inna za ta kai awaki bayan gida, ta kife zakara da kwando. Maƙwabciya aka roƙe ta ta ajiye taɓarya. Ni kuwa, da yake na yi sakandare, aka damƙa mini agogon tebur na maigidana, shi yana can makarantar da yake koyarwa. In sha ɗaya ta buga in ɗaga hannu, in minti biyu sun cika in sauke. Tsakanin nan, in ji Kofur, ko gobara ce ta jira.

Na wanke kakin, na sa sitaci, na goge. Lambobin na dirje su da toka da lemon tsami kamar tasoshina. Da ya saka rigar sai ta yi masa yawa, kamar ta wansa ce. Ya fito da takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar naɗe da tsumma, ya jingine sandarsa, ya tsaya kusa da rumbu.

Na ɗaga hannu. Inna ta toshe bakinta da tafi, don ta san halinta. Gida ya yi tsit.

Sai na ji an jingine keke a bango, aka yi sallama. Muryar Babanmu ce, mahaifina.

Tun da aka kawo ni bai taɓa tako gidan ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa, kuma daga Likoro zuwa Ikara a keke ba wasa ba ne. Na san ɗabi'arsa: sau uku yake sallama kamar yadda addini ya koyar, in ba a amsa ba ya juya. Juyawar ce daga addini, ƙin dawowar kuma nasa ne. Ya taɓa yi wa ƙanensa haka, shekara da shekaru bai koma ba.

Na kuma san amsa sallama wajibi ne, in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Na buɗe baki. Sai na dubi Kofur. Yana ƙame, idonsa na kan katanga, hawaye na bin kumatunsa suna jiƙa wuyan rigar da na sha wahalar gogewa. Na amsa a zuci, amma zuci ba ya kaiwa zaure.

Sallama ta biyu. Inna ta zaro mini ido. Ta uku ta zo da ƙarfi, saura rabin minti. Zakara ya yi cara daga ƙarƙashin kwando. Na ji an ɗauke keke daga bango.

Babu mai kallon agogon nan sai ni. Da na sauke hannu a lokacin, ba wanda zai sani sai Allah. To, shi ɗin ne. Na bar hannuna a sama har tsinken ya kai inda aka ce.

Kofur ya sara, sannan ya juya wajen zaure ya amsa sallama cikakkiya, babu kowa a ciki. Na gaya masa ko wane ne, ina kuka. Ya ɗauki sanda ya fita da takalminsa ɗaya. Na leƙa ta ƙofa: Babanmu bai hau keken ba, turawa yake yi a hankali.

Suka dawo suka zauna a zaure. Na kai ruwa da fura, na durƙusa na gaishe shi, na koma bayan asabari. Sun daɗe suna gaisawa, gona da iyali da gajiyar hanya, kafin Babanmu ya ce, "Kofur, gida cike da mutane, zakara kaɗai ya san haƙƙin baƙo."

Kofur ya ba da haƙuri, ya yi bayani. Babanmu ya tambaya me shiru ke ƙara wa mamaci, ba gara Fatiha ba? Kofur ya ce Fatiha kullum yana yi. Sai ya ba da labarin wani abokinsa mutumin Kudan, da suka shiga jirgin ruwa tare. A wani kurmi su shida suka ɓuya cikin ciyawa, abokan gaba na wucewa dab da su. Harsashi ya riga ya sami abokin a ciki. Da ya yi nishi ɗaya, da duk an gama da su. Ya cusa hularsa a baki ya cije. Da suka ɗago, ya cika.

"Shi ya yi mana shiru har ya koma ga Allah, Malam. Nawa minti biyu ne a shekara."

Babanmu ya sunkuyar da kai. Agogon na hannuna, na ga ya wuce minti biyu nesa bai ɗago ba. Sannan ya ɗaga hannu suka yi wa mutumin addu'a. Da suka shafa, ya tambaya wa ke riƙe da agogo. Kofur ya nuna asabari da sanda.

"An cika biyun?"

"Cif," in ji Kofur.

"To, madalla."

Zakaran nan shi Inna ta sa aka yanka wa Babanmu a ranar.

Da shekara ta zagayo, tun ƙarfe goma Babanmu ya iso, ya yi sallamarsa aka amsa. Da sha ɗaya ta kusa sai ya gindaya kekensa a ƙofar zaure, ya zauna a gefe, duk wanda ya tunkaro ya tare shi da hannu. Haka ya yi ta yi har shekarar da Kofur ya rasu.