Hajiya da alƙalan ƙanƙara

'Yata ta biyu tana shekara goma sha ɗaya ta kamu da son zamiya a kan ƙanƙara, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. A unguwar Misfala ta Makka muke zaune, inda ba a ganin ƙanƙara sai a cikin kofi, don haka duk Asabar sai mu tafi Jidda, wani babban kanti mai filin wasan. Da ta yi 'yan watanni, malamarta ta ce ta isa shiga jarrabawar matakin farko.

Mahaifiyata, Hajiya, ta ce ƙafata ƙafarta. Tun da ƙuruciya ta zo hajji daga Kano ta zauna, kuma ba ta yarda wani ya auna jikarta a bayan idonta. Rigar sanyi biyu ta sa a ƙarƙashin abaya.

Alƙalan mata uku ne, suna zaune a gefen fili da takardu a cinya. Ba kiɗa, ba tafi. Yarinyar ta shiga ita kaɗai, ta yi gaba, ta yi da baya, ta zana da'ira da ƙafa ɗaya. Duk sanda wata alƙaliya ta sunkuya ta yi rubutu, sai Hajiya ta mintsine ni.

"Me ta rubuta?"

"Hajiya, ina zan sani?"

A juyin ƙarshe yarinyar ta zauna daɓas. Hajiya ta rafka salati har filin ya amsa. Babbar alƙaliyar, wata dattijuwar Baturiya, ta ɗaga yatsa ɗaya, wato a sake. Ta sake, ta tsaya da ƙafarta.

Aka kira mu jin sharhi. Baturiyar tana magana, malamar tana mayarwa Larabci, ni ina mayarwa Hausa, don Hajiya in zance ya shafi jikarta sai ta ce Larabcinta ya gudu.

Na ce, "Sun ce tana da natsuwa, amma ba ta lanƙwasa gwiwa sosai."

Hajiya ta tafa hannu. "Allah Ya yi wa matar nan albarka! Shekara nawa ina fama da ita ta durƙusa in za ta gaishe ni? Gaya mata ta ƙara rubutawa."

"Sun kuma ce ta daina kallon ƙasa. Ta ɗaga kai ta dubi mutane ido cikin ido."

Nan fuskar Hajiya ta canza.

"Ido cikin ido? Manya uku a zaune? Ke, ce mata wannan ni na koya mata, kuma ba za a goge ba."

Baturiyar ta tambayi me kaka ke faɗi. Na ce tana godiya. Ta yi murmushi, ta miƙa wa yarinyar takardar: ta ci, sai dai an ja layi biyu a ƙarƙashin maganar kai.

A mota 'yata ta rungume takardar tana ta karantawa. Hajiya kuwa har muka wuce shingen shiga Makka tana ba alƙalan maki. Dattijuwar ta ci rabi. Ta hagu rubutunta ya yi yawa, ba ta yarda da ita ba.

"Ta tsakiyar fa, ya Sitti?" in ji yarinyar, haka take kiran kakarta da Larabci.

"Wannan hamma kawai ta yi. Sai ta dawo ta sake."