Ruwan da Aka Watsa a Bayana

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni ɗalibi ne a kwalejin horon malamai, ɗan manomin shinkafa daga wani ƙauye tsakanin Bagudo da Illo. Iyakar tafiyata a lokacin ita ce tsallaka kogin Kwara a kwalekwale zuwa kasuwannin bakin iyakar Dahomi. Sai ga shi an saka sunana cikin ɗaliban musaya, aka tura ni Turkiyya in yi shekarar karatu guda.

An sauke ni gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta a wani gari na bakin teku. Ran farko ta dafa ƙirjinta ta ce in riƙa kiranta Anne, wato Inna. Har yau in na rufe ido ina ganin safiyar garin, jirage suna ratsa ruwa a hankali kamar ba tuƙa su ake yi ba, ga jan shayi yana tururi a 'yan kofunan gilashi. Da sanyi ya shigo ta saƙa mini safa da hannunta. Da zazzaɓi ya kwantar da ni ta yini a bakin gadona tana ba ni miya da cokali, tana tambayata sunayen kifayen garinmu, ina faɗi tana maimaitawa a karkace, muna dariya. Takan ce wa maƙwabta ni ɗanta ne, rana ce kawai ta fi gasa ni.

Ranar da zan taho na sumbaci hannunta yadda suke yi wa manya, na shiga mota. Da na waiwaya sai na gan ta da kwano, ta watsa ruwa daidai inda na tsaya. Na taɓa ganin wata mai tuwo a kasuwar Illo ta yi wa wani fitinannen baƙo haka, don ta wanke sawunsa kada ya sake dawowa. Ban tambayi kowa ba. Kafin motar ta sha kwana na riga na yanke hukunci.

Wasiƙunta uku suka iske ni a gida. Na karanta, na ce ladabin fatar baki ne, ban amsa ko ɗaya ba. Bayan shekaru, ina aikin rediyo, na yi hira da wani likita Baturke, da muka gama na ba shi labarin cikin raha. Bai yi dariya ba. Ya ce a wajensu wanda ake ƙauna ake yi wa haka, addu'a ce ya tafi sumul kamar ruwa, ya kuma dawo kamar ruwa. A ranar na rubuta mata. 'Yar ce ta amsa. Ta ce Anne ta rasu, kuma har ƙarshe gidan waya take ɗora wa laifi, tana cewa ɗanta ba zai yi shiru da gangan ba.

Na koyi harshen mutanen nan, na ci abincinsu shekara guda, amma abu ɗaya da ban gane ba sai na auna shi da idon garinmu. Ku da kuke shirin zama a ƙasar wasu, in kun ga abin da ya yi kama da wulaƙanci daga hannun da ya saba yi muku alheri, ku tsayar da motar ku tambaya. Ni ban tsayar ba, kuma wadda zan nemi gafararta ba ta nan.