Malam Isiya da ɗan akwatin bayan fanel

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe na kira Malam Isiya mai gyaran sola don famfon gonata ya tsaya, sai ƙaninsa ya ɗauka, ya ce Allah Ya yi masa rasuwa.

Wallahi zama na yi a ƙasa.

Manoman rani na Danja kun san shi. Mu da muke kwashe fanel ɗinmu na sola kullum da yamma saboda ɓarayi, mu dawo da su da safe a bayan mashin, shi ne ya sha fama da mu. Mu gilashin kawai muke gogewa. Shi kuwa da ya zo sai ya kifa fanel, ya duba ɗan baƙin akwatin nan na baya, inda wayoyi ke haɗuwa. Ya ce duk wutar ta nan take fita, in ruwa ya shiga ko waya ta kwance, aiki ya tsaya ko da rana na ƙuna.

Kuma ba ya gyara a ɓoye. Sai ya sa ka tsuguna ka kalla, ya miƙa maka sukundireba ka ɗaure da hannunka.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne. Ya hango na ɗaure fanel a bayan mashin, robar ta bi ta kan akwatin. Ya kwance, ya sa tsumma, ya sake ɗaurewa yana yi mini tsiya: "Alhaji Sale, buhun masara ka ɗauko ne? In wannan ya fashe, tumatirinka ne zai ji a jikinsa."

Bayan jana'iza na wuce gona. Tumatir na fure, ƙasa ta bushe, ganye ya fara langwaɓewa. Gaskiya na tsorata. Na cire haɗin kamar yadda ya koya mana, na buɗe akwatin, sai ga waya ɗaya ta yi sako-sako. Na ɗaure ta, na mayar da haɗin.

Famfo ya tashi. Na tsaya ina kallon ruwa na bin kwami, ina hawaye.

Maƙwabcina ya ce shi ma ya iya, a wurinsa ya koya. Ashe muna da yawa.

Ya Allah, duk shukar da ta sha ruwa ta dalilinsa Ka sa a mizaninsa, Ka shayar da shi daga Alkausara, Ka dubi iyalinsa. Don Allah wanda ya karanta ya sa Malam Isiya a addu'a.