Girar Tela

Kafin ciwon, idan ka nemi telan da ke ƙarshen layi, cewa za a yi, Mai Gira kake nufi? Allah ya ba shi gira mai kauri, baƙa wuluk, har maƙwabtan shago suna tsokanarsa wai da ita yake share keken ɗinki. Mutum ne mai ƙarancin magana. Shekara da shekaru yana bayan keke, tef a wuya, allura a leɓe, bai taɓa sanin girar nan tana yi masa wani aiki ba.

Autarsa kurma ce tun haihuwa. Da hannu suke hira, da alamun da suka ƙirƙiro su biyu. Kullum in ta taso daga makaranta shagon take zarcewa, ta haye buhun ƙyallaye ta kwashe labarin yini ta ba shi.

Abin ya fara ne da ɗan fili a ƙeya, mai aski ne ma ya gani. Kafin shekara ta zagayo kai ya yi tas, gemu ya bi, sannan gira da gashin ido. Babu man da matarsa ba ta saya ba. Likitan fata ya ce ba cuta ce mai yaɗuwa ba, garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar saiwar gashi, kuma masu bincike ba su gama gano abin da ke tunzura ta ba. Aka yi allurai, aka shafa magani. Likitan ya ce gashin yana iya dawowa, yana iya ƙi.

Kan bai dame shi ba, hula ta rufe. Gumi ya gangaro cikin ido, ya goge ya ci gaba da ɗinki. Abin da ya karya masa zuciya shi ne Auta ta daina zuwa shago. A gida ma in ya yi mata alama, sai ta sunkuyar da kai, ta yi abin da ya nuna, ta sulale. Ya ɗauka tsoron fuskarsa take ji, ya yi ta haɗiye baƙin cikin shi kaɗai.

Uwar ce ta ritsa yarinyar wata rana. Auta ta ce Baba ya daina tambayarta komai, sai umarni. Ashe a da, in ya nuna baki ya ɗaga gira, yana nufin kin ci abinci? Yanzu hannu yana cewa ci abinci, fuska shiru. A da tana gane fushin wasa da na gaske daga yadda ya haɗe gira. Yanzu ba ta ganewa, sai ta ɗauka kullum fushi yake, kuma da ita.

Matar ta kwashe duka ta gaya masa. Can ya ce, "Ina jagirarki?"

"Baban Auta, kai da ko mai ba ka shafawa?"

"Ba ni dai."

Ya zana girar da kansa a gaban madubi. Hannun da bai taɓa karkata ɗinki ba, sai ga shi ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Haka ya tafi shago. Maƙwabta suka yi dariya, masu kawo ɗinki suka yi ta satar kallonsa. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, amma bai goge ba.

Da la'asar uwar ta aiko Auta da wani uzuri na ƙarya. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa. Ya nuna buhun ƙyallaye, ya ɗaga girar da ya zana: za ki zauna?

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matso, ta jiƙa babban yatsa, ta goge wutsiyar wadda ta fi tsawo har suka daidaita. Ta haye buhun, hannuwanta suka soma zuba.

Gashin bai dawo ba har yau. Kullum da safe, kafin ta tafi makaranta, ita ke zana masa.